Iskar Buhu Biyu

Shekara arba'in da ɗoriya tsohon ya yi yana tura amalanke a kasuwar kayan gini, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai dai ya ce Baba Ɗan Dako. Siminti ne, bulo ne, rodi ne, kwanon rufi ne, babu wanda bai tura ba. A daɗewar nan hannunsa ya koma sikeli. Ko an lulluɓe kaya da tamfol, in ya kama mariƙan amalanken ya ɗaga sau ɗaya, zai gaya maka buhu nawa ne, kuma da wuya a kama shi da kuskure. Duk abin da ke duniya da buhun siminti yake auna shi. Akuya rabin buhu ce. Firji buhu ɗaya da rabi. Akwai wani ɗan kwangila mai tumbi da ya yanke wa buhu uku, amma bai taɓa gaya masa ba.

Matarsa kuwa buhu biyu ce. Haka ya auna ta tun shekarar da ta haifi Auta, ranar da ruwa ya cika layinsu ya ɗauke ta cak ya tsallakar, kuma bai sake komawa kan lissafin ba. Mace ce doguwa mai jiki, wadda in ta yi dariya a tsakar gida ake jiyowa daga bakin titi. Shi yana ce mata Tsohuwa tun ba ta tsufa ba. Ita tana ce masa Malam in ana zaman lafiya, in ya ɓata mata rai ta ce Ɗan Dako kamar kowa.

Wata goma ke nan da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Baki ya karkace, magana ta koma guntu-guntu, amma harshen bai daina cizo ba. 'Ya'yansu maza biyu suna can nesa, sai a waya. Auta na aure a wani gari, tafiyar awa uku a mota. Saboda haka komai shi yake yi. Da safe ya dafa ruwa ya goge mata jiki, ya ɗauke ta daga gado ya zaunar a kujerar roba mai hannu da ke jikin taga, ya ajiye mata abinci a kan ɗan tebur ta wajen hannun dama, ya kunna mata rediyon da aka ɗaure bayanta da roba, sannan ya tafi kasuwa zuwa azahar. In ya dawo ya tarar da kwano fes, ya ji daɗi. Har wani ƙaramin alfahari yake yi a ransa: da farko in ya ɗaga ta sai bayansa ya amsa, amma 'yan watannin nan ko nishi ba ya yi. Ya ce lallai ƙarfin ƙuruciya ne ke dawo masa.

Gidan ɗaki biyu ne a ƙarshen wani dogon layi. Shekara uku da suka wuce masu shimfiɗa bututun ruwa suka haƙe layin tun daga bakin kwalta har ƙofarsu, suka binne bututun, suka cike ramin da fasassun duwatsu da ɓaraguzan gini, suka tafi ba su waiwayo ba. Tun daga nan mota ba ta shiga, babur mai ƙafa uku ma ba ya shiga. Asibitin da ake yi mata gashin ƙashi kowace Alhamis yana tsallaken kwalta. Sau biyu ya shimfiɗa katifa a amalankensa ya kai ta. Tayoyin amalanken daskararriyar roba ce, irin wadda ƙusa ba ta yi mata komai, amma kowane dutse ta taka sai ta miƙa wa wanda ke sama saƙonsa bai rage ba. A Alhamis ta uku Tsohuwa ta riƙe ƙyauren ɗaki da hannunta mai lafiya ta ce, "Kashe ni a nan. Ya fi kusa." Daga ranar ba ta sake fita ba.

Wata Lahadi Auta ta zo, riƙe da takalmanta a hannu saboda duwatsu. Ta daɗe durƙushe gaban uwarta tana duban ta, sannan ta juyo.

"Baba, wata biyar fa. Wata biyar ba a gasa mata ƙafar nan ba."

"Ina murza mata, safe da yamma."

"Kamar mai kwaɓa siminti," in ji Tsohuwa daga kujera.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai ɗaki a gidanta, kwalta har bakin ƙofa, babban asibiti ga shi ga gidan, kuma mijinta da kansa ya ce a kawo Inna.

"Allah ya saka masa da alheri. Ba inda za ta."

"To kai ma ka zo mana, Baba."

"In tare a gidan surukina? In riƙa yi masa ina kwana a ƙofar banɗaki?"

Suka yi ta ja har shayin da ya zuba mata ya huce. A ƙarshe Auta ta sa takalmi ɗaya, ta tsaya da ɗayan a hannu ta ce, "Alhamis zan dawo. Ba nan zan zo ba, asibitin zan wuce in jira ku. In ka kawo ta, kuma ba ta iso tana hawaye ba, na bar maka ita, ba zan ƙara tayar da maganar ba. In ban gan ku ba, zan nemo ƙarti huɗu su ɗauko ta a kujerar nan har mota. Ka yafe ni, Baba, amma haka za a yi."

Ya dubi Tsohuwa ko za ta shigar masa. Tsohuwa na kallon silin.

Bayan tafiyar Auta ya zauna a bakin gado yana sauraron ɗakin. Numfashinta yana da wani ɗan fito a ƙarshe tun da ciwon ya same ta. Ya gwada cire fiton daga ɗakin a ransa, ya ji abin da zai rage: rediyo, da ɗigon famfo a waje. Abokan dakonsa wasu sun rasu, wasu 'ya'ya sun kwashe su. Yaran kasuwa na yanzu da injin suke ɗaukar kaya, in sun gaishe shi ma a guje ne. In aka ɗauke matar nan, babu sauran wanda ya san shi da baƙin gashi.

Ranar Litinin yana zaune kan amalankensa yana jiran aiki, sai ga wani ma'aikacin shagon gilashi ya turo fallayen gilashin taga a kan wata 'yar amalanke mai ƙibabbun tayoyi. Ya bi ta kan ɓaraguzan da ke bayan rumfunan bulo, gilashin ko ƙis bai ce ba. Tsohon ya miƙe ya bi shi a baya, ido a ƙasa. Ya ga tayar ta hau wani dutse mai tsini, maimakon ta yi tsalle sai ta lotsa ta rungume shi, ta wuce, ta koma yadda take.

"Me ke cikin tayar nan, ɗana?"

"Iska mana, Baba. Me zai kasance?"

Ba wai bai san tayar iska ba, ai kullum motoci na wuce shi. Amma bai taɓa tsayawa ya yi mamakinta ba sai ranar. Iskar da in ka damƙa ba ka kama komai, wadda ko ganye sai ta yi da gaske take ɗagawa, wai ita ce in an kulle ta a roba za ta goya gilashi ta haye dutse da shi. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana tunanin ko iskar da ke ciki ta san tana aiki, ko tana jin ita ma dako aka sa ta, har wani mai babur ya yi masa hon.

Daga nan ya nufi shagon tayoyi. Mai shagon mutum ne mai tsinken sakace a baki, wanda ba ya cire shi ko da yana magana. Tsohon ya fara nuna wasu sirara masu kama da na keke, don sun fi kyau a ido.

"Wace irin hanya za ka bi?" in ji mai shago.

"Hanyar da ko jaki sai an lallashe shi."

"To ajiye wannan. Siririya shigewa take tsakanin duwatsu ta maƙale. Ƙarama kuma kowane rami ta gani sai ta faɗa ta gaishe shi. Babba za ka ɗauka, mai faɗi, ita ce ke bi ta saman rami ba ta san da shi ba." Ya jawo wasu biyu daga ƙarƙashin kanta ya buge musu ƙura.

"Aibinta fa? Ba abin da ba shi da aibi."

"Ƙusa. Kuma sai ka riƙa duba ta kamar jinjiri. Waccan daskararriyar taka ko shekara goma ka manta da ita ba ruwanta. Wannan tana son a kula da ita. Me za ka ɗauka ne?"

"Kaya mai fashewa."

"Gilashi?"

"Kusan haka. Sai dai wannan yana zagi."

Mai shago ya mai da tsinken ɗaya gefen bakin. "Nauyin nawa?"

"Buhu biyu."

"Buhu huɗu ma za ta ɗauka ba ta yi tari ba."

Talata a wajen mai walda ta ƙare, domin ƙarfen da ke riƙe da tsofaffin tayoyin ya yi wa sababbin gajarta, sai da aka yanko wani aka liƙa. Da yamma ya jawo amalanken ƙofar gida, ya ɗauko wani tsohon famfon keke ya shiga ba su iska. A kasuwarsu taya mai taushi abin kunya ce, alamar rago ce. Shekaru yana ganin direbobin manyan motoci suna zagaya tayoyinsu da guntun ƙarfe suna bugawa, in ta yi ƙara tas su gyaɗa kai. Don haka ya yi ta famfo, yana hutawa yana komawa, har sai da ya ƙwanƙwasa robar da ɗan yatsa ta amsa masa kamar ƙoƙon kai.

Shi kuma ɗan dako ba ya gwada amalanke ba kaya. Ranar Laraba ya aro buhun siminti biyu a wani shago, ya shimfiɗa katifa, ya kwantar da su a kai, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙafa. Ya cika kwano da ruwa har baki ya ɗora a sama. Ya tura tun daga ƙofar gida har bakin kwalta, ya juyo. Mata na leƙowa ta ƙofa, wani tela ya ce ko Baba ya fara shayar da siminti ne. Bai kula kowa ba, idonsa na kan kwanon. Ruwan ya yi ta rawa, ya zo baki ya koma, abin da ya zuba bai fi a jiƙa ɗan yatsa ba.

Ya shiga ɗaki da kwanon a hannu biyu. "Tsohuwa, duba. Har kwalta ya je ya dawo."

Ta dubi ruwan ta dube shi. "Shi ba shi da ƙugu."

"Gobe za ki gani."

"In na mutu a hanya, ka juyo. Kada ka kai musu su yi maka dariya."

Alhamis da hantsi ya sa mata rigarta mai ruwan ƙasa, ya ɗaura mata ɗankwali yadda ya iya, ta warware da hannu ɗaya ta sake ɗaurawa. Ya kwantar da ita a katifa, ya tokare ta da matashi biyu, ya ɗora shanyayyen hannun a kan cikinta. Ya yi bisimilla ya tura.

Taku goma bai yi ba ya san akwai matsala. Amalanken da jiya ta bi layin nan lafiya lau, yau tsalle take kamar ɗan akuya. Dutse ɗaya ta taka sai ta daka sama sau biyu, kafin ta zauna ta taka wani. Ya rage tafiya, bai yi magani ba. Ya ƙara sauri, abin ya fi muni. Kan Tsohuwa na bugun matashi, hannun da ya ɗora ya zame ya faɗo gefe yana reto. Ba ta yi ƙara ba. Ta cusa bakin mayafi a baki ta cije, ruwa na gangarowa daga idon nan na hagu da ba ya rufuwa sosai. Ya tsaya ya mai da hannun, ya duba tayoyin, ya ƙwanƙwasa. Lafiyarsu ƙalau, tas suke amsawa. Ya rasa inda laifin yake. Komawa gida nisa, ƙarasawa nisa, ga rana ta fara ɗagawa.

A kwanar da layin ya lanƙwashe akwai rumfar wani mai faci, mutum mai furfura a gemu, da bahonsa na baƙin ruwa da tarin tsofaffin tayoyi. Tun daga nesa yake kallon su. Da suka zo daidai shi ya taso yana goge hannu a wando.

"Sannu, Inna. Baba, tsaya. Wa ya ba tayar nan iska?"

"Ni."

"Gaba kake da ita?" Ya danna da babban yatsa, yatsan ya lanƙwashe tayar ba ta motsa ba. "Kai! Wannan ai ba taya ba ce, dutse ne mai zagaye. Ka je ka sayo iska ka mai da ita ƙarfe. Da ka bar tsofaffin ka huta."

"Jiya na gwada. Kwanon ruwa na ɗora, bai zube ba."

"Da me ka gwada?"

"Da buhu biyu. Daidai nauyinta."

Mai faci ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, sai ya dubi katifar ya fasa. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri," ya zagaya ya kama mariƙan ya ɗaga. Ya sauke a hankali. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, zo ka ɗaga."

"Kullum ina ɗaga ta, safe da yamma."

"Ba ita za ka ɗaga ba. Rufe ido ka ɗaga kaya, kamar a kasuwa."

Tsohon ya so ya ce masa tun ba a haife shi ba yake wannan sana'a. Amma ya kama mariƙan, ya rufe ido, ya ce a ransa tamfol ne a kai, ban san mai kayan ba. Ya ɗaga. Hannun da bai taɓa yi masa ƙarya ba ya ba shi amsa nan take. Ya cire nauyin amalanke, ya cire katifa da matasai. Abin da ya rage bai kai buhu ɗaya ba. Ya sauke ya sake ɗagawa ko za a samu ƙari. Ba a samu ba.

Ashe ba ƙarfinsa ne ya dawo ba. Kullum yana ɗaukar ta, kullum ana zare cokali ɗaya daga kayan, shi kuwa yana ta yaba wa bayansa. Ya buɗe ido ya dube ta sosai, irin duban da Auta ta yi mata ranar Lahadi. Ya ga wuyan rigar ya yi mata yawa, ya ga ƙashin kafaɗa ya tokaro yadin, ya ga zoben da ta mayar babban yatsa don ya daina zama a inda yake.

Mai faci ya zagaya wajen tayar. Ya tsuguna, ya karya tsinken ashana, ya danna bakin bawul. Iska ta fara fita da tsaki.

"Iska gwargwadon kaya ake ba ta," ya ce, yana kallon tayar. "Kaya mai nauyi shi ke danne ta ta kwanta. In kaya ba nauyi kuma ka cika ta, ƙwallo ka yi. Sai ka rage har ta riƙa lotsawa da ɗan abin da ke kanta."

Ya saki, ya danna da yatsa, ya girgiza kai, ya sake danna bawul ɗin. Tsohon na tsaye yana jin tsakin nan, yana cewa yanzu zai tsaya, yanzu zai tsaya, bai tsaya ba. Duk iskar da ya yi gumi ya tura ranar Talata saboda wata mace mai buhu biyu, ga ta tana fita tana bin layi. Da aka gama da ta dama aka koma ta hagu.

"To gwada yanzu. In za ka ɗauki bulo gobe ka biyo in mayar maka."

Ya tura. Tayar ta hau dutsen farko ta lotsa ta wuce. Ta hau na biyu. Katifar sai wani lilo take a hankali kamar kwale-kwale a ruwa kwance. Can Tsohuwa ta zare mayafin daga baki.

"Ɗan Dako."

"Na'am."

"Jirgi ka saya?"

Ya ci gaba da turi. Ita kuwa ta shiga kallon layin da rabonta da shi wata biyar. Ta ce wa ya sare bishiyar nan. Ta ce wannan shuɗin fentin ƙofar ko kyauta aka ba su. Ta ɗaga wa wata mata hannu. Kafin su kai kwalta ta yi shiru, ya leƙa ya ga barci ya ɗauke ta, baki a ɗan buɗe.

Auta na tsaye a ƙofar asibitin, mota na gefe da direba a ciki. Ta taho da sauri ta leƙa fuskar uwarta. Hawayen sun daɗe da bushewa.

"Inna, ya hanya?"

"Ban gan ta ba. Barci na yi."

Kafin a shiga ɗakin gashi sai da wata nas ta zaunar da ita a kujerar awo. Ta duba allurar sikelin, ta duba katin wata biyar da suka wuce, ta sake duba allurar. Ta ce kilo talatin da bakwai. Tsohon bai ɗago ba, ya riga ya sani tun a kwana.

"Baba, me take ci?" in ji nas ɗin.

"Duk abin da na ci. Kuma tana cinyewa, kwano fes nake tararwa."

Nas ta juya. "Haka ne, Inna?"

Tsohuwa ta daɗe tana murza bakin mayafi. Sannan ta ce, "Kajin maƙwabta ke ci. Ta taga."

"Don me, Inna?" in ji Auta.

"Ba ya wucewa. Maƙalewa yake." Ta nuna maƙogwaro. "Sau ɗaya na ƙware. Ba kowa. Na ga mutuwa." Ta huta. "Shayi nake sha."

"Me ya hana ki gaya mini?" in ji tsohon.

Ta dube shi da idon nan mai lafiya. "Ka gaya wa wannan," ta nuna Auta da haɓa, "ta kwashe ni."

Nas ɗin ta yi bayani a tsanake. Ciwon ya taɓa haɗiya. Abinci mai laushi za a riƙa ba ta, cokali-cokali, sau shida a yini, da mutum zaune kusa har ta gama, kuma akwai likitan da ya kamata ya duba maƙogwaron, amma sai a babban asibiti. Aka shiga da ita gashi. Uba da 'ya suka zauna a benci a baranda, amalanken na jingine a gabansu.

Auta ce ta fara magana. "Baba, ka cika naka. Ka kawo ta, ba ta zo tana kuka ba. Ni ma ba zan saɓa ba. Zan riƙa zuwa duk mako, in nuna maka yadda za ka dama mata..."

Yana jin ta, yana kallon tafin hannunsa. Zai iya daina zuwa kasuwa. Zai iya koyon damun. Amma wata goma yana ɗaukar matar nan da hannuwan nan biyu, fiye da rabinta ya tafi bai sani ba. Bai ga abin da zai hana sauran ya bi ta gabansa haka nan ba, yana tsaye yana murna.

"Motar nan kujerar bayanta na kwantawa?" ya ce.

"Baba?"

"Tambayarki na yi."

Da aka fito da ita shi ya ɗauke ta, bai bar direban ya taɓa ba. Ya zaunar da ita, ya kawo matasan nan biyu daga amalanke ya tokare ta, ya ɗora shanyayyen hannun a cinyarta. Ta dubi cikin motar, ta dubi Auta, ta gane.

"Ka kore ni."

"Aiken ki na yi. Ki je ki ƙaro buhu ɗaya. Ni ba na dakon rabin kaya."

"Ɗan Dako," ta ce. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe. Can ta ce, "Malam. Ka riƙa ci a zaune."

"To."

"Rediyon... sai an buga ta."

"Na sani."

Ta saki. Auta ta ce za ta aiko a karɓi kayan sawa, ta ce za ta kira da sun isa, ta ce Baba don Allah ka yi tunanin zuwa. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya tsaya har motar ta shige bayan wata babbar mota ya daina ganin ta.

Ya juya amalanken ya tsallaka kwalta. Ba kaya, sai katifa. A kwana mai faci ya ɗago hannu da fara'a zai tambayi yadda aka yi, ya ga katifar ba kowa, ya sauke hannun ya koma kan bahonsa.

A ƙofar gida tsohon ya ciro mabuɗi, ya tsaya da shi a hannu. Daga nan yana hango taga da saman kujerar roba. Kaji uku na tsaye a ƙarƙashin tagar suna ɗaga kai. Ya mai da mabuɗin aljihu. Ya tokare amalanken da dutse, ya hau, ya kwanta a katifar daidai inda jikinta ya bar ɗan gurbi, don ya ji abin da ta ji. Tayoyin suka lotsa ƙarƙashinsa har ƙarfe ya kusa taɓa ƙasa. Sama ta yi masa faɗi. Ashe haka layin yake ga wanda ke kwance, bakin rufin gidaje da wayoyin lantarki da wata tsohuwar leda da ta maƙale a jikinsu.

Wata maƙwabciya ta zo wucewa da bokiti a ka, ta tsaya.

"Baba, lafiya? Wa zai tura ka?"

"Direba nake jira," ya ce.

Ta yi dariya ta wuce. Shi kuma ya gyara kwanciya.